Kurakuran nahawu a rubutun Turanci: ta ina mutum zai fara gyara?

Zulaihat

Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwana. Ina neman shawararku a kan wata matsala da ta daɗe tana damuna a wurin aiki. Kusan kullum nakan rubuta rahoto ko wasiƙa da Turanci, kuma ko da yake ina karanta harshen ba tare da wahala ba, ina kuma magana da shi daidai gwargwado, da wuya in miƙa takarda ta dawo mini babu jan biro a jikinta. A makon jiya shugaban sashenmu ya maido mini da rahoto mai shafi 4, ya ja layi a wurare 17, bai kuwa rubuta dalilin ko ɗaya ba. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, domin na zuba ƙoƙarina a kan rahoton, kuma bayanan da ke cikinsa ingantattu ne, amma kurakuran suka ɗauke hankalin mai karatu daga kan maganar da nake son isarwa.

Wasu wuraren na gane laifina da na sake dubawa, kamar inda na rubuta “the equipments”. Akwai kuma waɗanda har yanzu ban ga abin da ya same su ba. Ɗaya daga cikinsu ita ce wannan jimla: “Although the contractor delivered the materials late, but the work was completed on time.” Ya kuma ja layi a ƙarƙashin “we discussed about the budget” da “the officer that I met him”, waɗanda a kunnena lafiya lau suke. Manhajar da nake rubutu da ita ta gyara mini kurakuran haruffa, amma yawancin waɗannan ta wuce su ba ta ce komai ba.

Na sayi littafin nahawu mai kauri, na fara shi daga babi na farko, sai na ga ƙa'idojin sun yi yawa, kuma abin da na haddace da dare ba ya zuwa mini idan na zauna rubutu da safe. Shin akwai wata hanya da mutum zai bi ya rage irin waɗannan kurakurai ba tare da ya haddace littafi sukutum ba? Kuma wane laifi ne a cikin jimlolin nan uku?

Malam Habibu

Wa'alaikumus salam, 'yata Zulaihat. Na shafe shekaru masu yawa ina koyar da Turanci kafin in ajiye aiki, kuma jimlolin nan uku da kika kawo na gan su a takardun ɗalibai fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Abin da zan fara gaya miki shi ne kunnenki bai yaudare ki ba. Jimlolin lafiya lau suke, amma a Hausa. Ki mayar da kowace zuwa harshenmu ki gani: “Ko da yake ɗan kwangilar ya kawo kayan a makare, amma an gama aikin a kan lokaci.” “Mun tattauna a kan kasafin kuɗi.” “Jami'in da na haɗu da shi.” Babu wadda ta karye a cikinsu. Kalmomin Turanci kika ɗora a kan ginin jimlar Hausa, kuma wannan ne tushen yawancin kurakuran da mai jin Hausa yake yi idan ya ɗauki alƙalami. Duk wanda ya koyi harshe na biyu yakan jawo tsarin harshensa na farko, mu ma haka muke jin baƙo yana karya Hausa ta hanyar da ta dace da nasa harshen.

Mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Hausa ta yarda a haɗa “ko da yake” da “amma” a jimla guda, har ma jimlar ta fi daɗin ji da su. Turanci kuwa mahaɗi ɗaya yake so tsakanin ganga biyu, wato sassa biyu na jimla masu aikatau kowanne. Idan kika buɗe da “although”, kin riga kin mayar da gangar farko dogarau, tana jiran tsayayyar ganga ta jingina da ita, to idan kika sake sa “but” sai jimlar ta rasa ƙafar tsayuwa. Ki zaɓi ɗaya ki bar ɗaya. Haka lamarin yake ga “because” da “so”.

Ta biyun kuma, aikatau “discuss” yana ɗaukar karɓau, wato abin da aikin ya faɗa wa, kai tsaye, ba ya buƙatar wata kalma ta shiga tsakani, saboda haka “we discussed the budget” shi ne daidai. Abin da ke rikita mutane shi ne sunan da aka samo daga wannan aikatau yana buƙatar ta, domin “a discussion about the budget” daidai ne, haka ma “we talked about the budget”. Akwai 'yan'uwansa da suke da wannan hali, kuma duk suna yawan fitowa a rubutun ofis. Ana cewa “we request a copy” amma “a request for a copy”, ana cewa “he emphasised the point” amma “he placed emphasis on the point”. Idan kika riƙe cewa sunan ne yake ɗaukar ƙaramar kalmar, aikatau ɗin ba ya ɗauka, kin rufe ƙofa guda babba.

Ta ukun ita ce ta fi nuna ƙarfin Hausa a cikin kanmu. A Hausa ba za ki iya cewa “jami'in da na haɗu da” ki yi shiru ba, dole ki kawo “shi”. A Turanci kalmar “that” ko “who” ko “which” ta riga ta tsaya a madadin mutumin ko abin, don haka ƙara “him” maimaici ne, kuma “the officer that I met” ya wadatar. Daga wannan saiwa ne ake samun “my father he travelled”, domin mu mukan ce “mahaifina ya yi tafiya”, kuma zagin aikatau ɗin nan “ya”, wato ƙaramar kalmar da ke zuwa kafin aikatau, ba ya faɗuwa ko da an ambaci sunan.

Tunda kin ambaci “equipments”, bari in ɗan tsaya a kansa, domin ba shi kaɗai ba ne. Muna da shawara da shawarwari, bayani da bayanai, hujja da hujjoji, labari da labarai, sai mu ɗauka Turanci ma haka zai yi. Amma “advice” da “information” da “evidence” da “furniture” da “luggage” da “equipment” duk Turanci yana kallonsu kamar ruwa ko yashi, abin da ake aunawa ba a ƙirgawa. Ba sa karɓar “s”, ba sa karɓar “a” ko “an”, kuma aikatau na tilo suke tafiya da shi. Idan ana son guda ɗaya sai a ce “a piece of advice” ko “an item of equipment”. Kalmar “news” ma, duk da “s” ɗin da ke wutsiyarta, tilo ce, shi ya sa ake cewa “the news is good”. A ɗaya gefen kuma, Hausa takan bar suna a tilo bayan an faɗi adadi, mu ce shekara goma, mutum biyar, kwana uku, Turanci kuwa ba ya yafe wannan, sai an ce “ten years”.

Inda na fi ganin ɗalibai suna tuntuɓe, har waɗanda suka iya harshen sosai, shi ne ƙaramin “s” ɗin nan na aikatau. Aikatau na Hausa ba ya sauya siga saboda wanda ya yi aikin. Mukan ce ina zuwa, yana zuwa, suna zuwa, kalmar “zuwa” tana nan yadda take, zagin ne yake ɗaukar nauyin. Turanci a da yana da ɗafe-ɗafe masu yawa a ƙeyar aikatau, sun zube a hankali cikin ƙarnoni, har ya zama a lokaci mai ci wannan “s” ɗin ne kaɗai ya rage ga yawancin aikatau, wato “he writes” amma “they write”. Kowa ya san wannan a gajeriyar jimla. Matsalar takan zo ne idan aikau, wato mai yin aikin, ya yi nisa da aikatau, wasu sunaye suka shiga tsakaninsu. Dubi wannan: “The list of items supplied by the contractors is attached.” Hannu zai so ya rubuta “are”, saboda “contractors” ce kalmar da ta fi kusa, amma abin da aka haɗa da wasiƙar jerin ne, kuma jerin guda ɗaya ne. Duk lokacin da jimla ta yi tsawo, ki rufe tsakiyarta da yatsa, ki karanta aikau da aikatau su kaɗai, nan take kunnenki zai gaya miki gaskiya.

Sai batun lokaci, wanda a ganina ya fi dukkan sauran zurfi. Hausa ta fi damuwa da ko aiki ya kammala ko yana gudana, Turanci kuwa ya fi damuwa da yaushe aka yi shi. “Na gama” ɗinmu yana iya zama “I finished”, ko “I have finished”, ko “I had finished”, gwargwadon inda ya faɗo. “Ina zaune” ɗinmu bai sauya ba ko yanzu ne ko jiya, mukan ce jiya ina zaune sai ya shigo, wannan ne ya sa mai rubutu yakan fara labari da shuɗaɗɗen lokaci, ya kai tsakiya ya zame zuwa lokaci mai ci bai sani ba. Ƙa'ida ɗaya da za ta cece ki sau da yawa ita ce, muddin kika ambaci lokacin da ya riga ya wuce, kamar “yesterday” ko “last week” ko “in 2020”, to ba a sa “have” ko “has”. “I saw him yesterday” ake cewa. Kuma idan “did” ta shigo, ita ta ɗauki shuɗaɗɗen lokacin, aikatau ya koma asalinsa: “did you go”, “he did not come”. Ki kuma yi hattara da “ina da” da “ina so” da “ina ji”, domin “ina” ɗin nan yana jan mu zuwa “I am having a car” da “I am understanding you”, alhali aikatau masu nuna mallaka ko sani ko ra'ayi ba su cika karɓar wannan siga a Turanci ba.

Littafin da kika saya kada ki yar da shi, amma ki daina karanta shi kamar labari. Ki mayar da shi wurin komawa idan kin kama wani kuskure kina son sanin dalilinsa.

Malama Binta

Allah ya saka wa Malam da alheri, ya kama bakin zaren. Ni aikina gyaran rubutun wasu ne kafin a buga, don haka zan yi magana a kan abin da nake gani a takarda, da kuma hanyar da nake ganin ta fi amfani.

Ƙanwata Zulaihat, wurare 17 da aka ja miki layi ina kyautata zaton ba kurakurai 17 ba ne daban-daban. A gogewata, kowane marubuci yana da wasu 'yan kurakurai nasa na kansa, ba su cika wuce biyar ko shida ba, su ne yake ta maimaitawa a sigogi iri-iri. Ki ɗauko rahoton nan da wasu tsofaffin takardunki da aka gyara, ki samu littafin rubutu, ki rubuta kowace jimla yadda kika yi ta da yadda ya kamata ta kasance, sannan ki tara masu kama da juna wuri ɗaya. Abin da ya fito shi ne naki littafin nahawun, kuma ya fi wanda kika saya amfani gare ki, domin a kan ciwonki aka rubuta shi. Bayan haka, idan kin gama kowane rubutu, kada ki karanta shi sau ɗaya kina neman komai da komai. Ki bi shi sau ɗaya kina duba aikau da aikatau kawai, ki sake bi kina duba lokaci kawai, ki sake bi kina duba “a” da “the” kawai. Ido ba ya iya farautar abu biyar a lokaci guda. Idan da hali ki bar rubutun ya kwana, ko ya yi ko da awa ɗaya, sannan ki karanta shi da murya, domin wanda ya rubuta abu yanzu-yanzu abin da ya yi niyya yake gani, ba abin da hannunsa ya sa ba.

Malam bai taɓo “a” da “the” ba, kuma su ne suka fi ba ni aiki. Hausa ba ta rasa hanyar nuna wannan bambanci ba, muna da “wani yaro” da “yaron”, “wata mota” da “motar”. Bambancin shi ne mu muna iya barin sunan tsirara mu ce “yaro ya zo”, Turanci kuwa ba ya barin suna tilo da ake ƙirgawa ya tsaya shi kaɗai. Dole a sa masa “a” ko “the” ko “my” ko “this” ko makamancinsu, saboda haka “he is teacher” da “I wrote letter” duk sun gaza. Tambayar da nake yi wa kaina ita ce, shin mai karatu ya riga ya san wanne nake nufi? Idan ya sani, “the” ce. Idan yanzu nake gabatar masa da shi, “a” ce. Asalin “an” da “a” daga tsohuwar kalmar Turanci mai nufin ɗaya suka fito, wannan ne dalilin da ya sa ba sa zama da jam'i ko da abin da ba a ƙirgawa. Zaɓi tsakaninsu kuwa sauti ne yake yanke shi, harafi ba shi da ta cewa. Ana cewa “an hour” domin ba a furta “h” ɗin, ana cewa “a university” domin kalmar da sautin “y” take farawa.

Abu na biyu shi ne waƙafi. A rubutun Hausa mukan jera ganguna da waƙafi, sai kaza, sai kaza, kuma yana tafiya daidai da numfashin harshen. Turanci na hukuma ba ya yarda a haɗa cikakkun jimloli biyu da waƙafi kaɗai. “The meeting was postponed, the chairman was absent” yana buƙatar aya a tsakiya, ko mahaɗi kamar “because”. Kalmar “however” da “therefore” su ne suka fi jefa mutane a wannan rami, domin ana ɗaukar su kamar “but” da “so”, alhali ba su da ƙarfin ɗaure jimloli biyu, sai an sa aya ko waƙafi mai ruwa (;) kafin su.

Akwai kuma wani kuskure da wasiƙun neman aiki suka yi fice da shi, inda ake buɗe jimla da yankin da ba shi da aikau, sai ya manne wa wanda ba shi ake nufi ba. Wanda ya rubuta “Being a hardworking graduate, the company will benefit from my service” ya ce kamfanin ne ya kammala karatu. Sunan da ya biyo bayan waƙafin shi ne mai yankin farko, don haka sai a juya a ce “I will serve the company well”.

Game da “its” da “it's”, da “their” da “there”, da “lose” da “loose”, da “been” da “being”, waɗannan manhaja ba ta cika kama su ba saboda kowace kalma ce ingantacciya a wurinta. Ki yi amfani da wurin bincike na manhajar ki nemo kowace a cikin rubutun ki duba ta. Gwajin “it's” mai sauƙi ne: idan za ki iya warware ta zuwa “it is” ko “it has” jimlar ta tsaya, to ki sa alamar nan ta tsakanin “t” da “s”, idan ba ta tsaya ba ki cire.

Nasiru

Na ƙaru sosai da bayanan Malam da na Malama. Ina da ƙorafi guda, kuma ina fata ba zan kauce daga tambayar 'yar'uwa Zulaihat ba. Ba kowane layi da mai gyara ya ja ne yake zama kuskure ba. Ni ɗalibi ne, kuma akwai malamin da ya rage mini maki saboda na fara jimla da “But”, wani ya ce haramun ne a ƙare jimla da “with” ko “for”, wani kuma ya soke “to fully understand” ya ce ba a raba “to” da aikatau. Amma ina ganin duk waɗannan a manyan jaridun Ingila da Amurka, waɗanda masu harshen ne suke rubuta su. Haka kuma na taɓa rubuta “color” aka mayar mini da shi “colour”, wani wurin na rubuta “the committee are divided” aka ce kuskure ne. Malam, ta yaya mai koyo zai bambance ƙa'ida ta gaskiya da son ran mai gyara? Ina jin tsoron kada 'yar'uwarmu ta ɗauki dukkan layukan nan 17 a matsayin laifinta, alhali wataƙila wasunsu ɗanɗanon shugabanta ne kawai.

Malam Habibu

Ɗana Nasiru, ƙorafinka yana kan hanya, kuma na yarda cewa mu malamai mun daɗe muna gadar wa ɗalibai wasu hane-hane ba tare da mun binciki asalinsu ba. Batun ƙare jimla da ƙaramar kalma irin “with” ya samo asali ne tun 1672, lokacin da marubucin Ingila John Dryden ya soki wannan salo a rubutun magabatansa. Masana na wancan zamani Latin suka ɗauka a matsayin ma'aunin kyawun harshe, kuma Latin ba ya barin irin wannan kalma a ƙarshe. Robert Lowth, wanda littafinsa na nahawu ya fito a 1762 ya kuma yi tasiri ƙwarai a makarantu, shi kansa ya amince cewa Turanci yana karkata ga wannan salo, abin da ya ce shi ne ɗaya sigar ta fi dacewa da rubutu mai nauyi. Waɗanda suka biyo baya ne suka mayar da shawara ta zama doka. Hanin raba “to” da aikatau kuwa a ƙarni na 19 ya yi ƙarfi, kuma manyan littattafan salon rubutu na yau sun sassauta shi. Fara jimla da “But” ko “And” ma tsohon abu ne a harshen, ba kuskure ba ne, sai dai yawansa yana gajiyar da mai karatu.

“Color” da “colour” duk daidai ne, kowanne a gidansa. Ƙamus ɗin Samuel Johnson na 1755 ya taimaka wajen daidaita rubutun Ingila, na Noah Webster kuma na 1828 ya kafa irin su “color” da “center” a Amurka. Haka “the committee are divided” karɓaɓɓe ne a Birtaniya idan ana kallon mambobin ɗaya-ɗaya, Amurkawa kuwa sun fi son “is”. Laifin da ke nan shi ne gauraya. Wanda ya rubuta “colour” a shafi na farko kada ya rubuta “center” a na biyu, kuma idan makaranta ko ma'aikata ta zaɓi tsari ɗaya, sai a bi shi a zauna lafiya.

Ma'aunin da nake ba ɗalibai shi ne su tambayi kansu ko ƙwararrun marubutan harshen, a rubutunsu da aka tace aka buga, suna yin abin. Suna fara jimla da “But”, suna ƙare ta da “with”. Amma ba za ka same su suna rubuta “he go”, ko “informations”, ko “although” tare da “but”, ko “borrow me your pen” ba. Wannan na ƙarshen ma daga wurinmu ya fito, domin “aro” ɗaya muke da shi ga mai bayarwa da mai karɓa, su kuwa “lend” na mai bayarwa ne, “borrow” na mai karɓa. Jimloli ukun da Zulaihat ta kawo duk suna cikin kashi na biyu, don haka a kansu shugabanta yana da gaskiya. Inda nake ganin ya gaza shi ne da ya ja layi bai faɗi dalili ba, domin layi kaɗai ba ya koyar da kowa.

Duk da haka ina ba ka shawara, idan ka san mai duba takardarka yana riƙe da ɗaya daga cikin tsofaffin hane-hanen nan, kuma kana iya kauce masa ba tare da jimlar ta lalace ba, ka kauce. Ka dai san a ranka cewa zaɓin salo kake yi.

Zulaihat

Na gode ƙwarai, Baba Malam, na gode Yaya Binta, kai ma Nasiru na gode da ka tayar da wannan batu. Na bi shawarar Yaya Binta a daren jiya, na kasa wuraren nan 17, kuma abin ya ba ni mamaki. Guda 6 rashin “a” ko “the” ne, guda 4 na “s” ɗin aikatau ne a dogayen jimloli, guda 3 sunayen da ba a ƙirgawa ne, sai ukun da na kawo muku. Wannan ya kai 16, kuma na fahimci kowanne yanzu. Saura guda ɗaya da ya gagare ni, yana cikin layin ƙarshe na wasiƙar da na haɗa da rahoton, inda na rubuta “I look forward to hear from you.” Abin da aka koya mana shi ne bayan “to” aikatau yakan zo a asalinsa, kamar “to go” da “to write”. To me ya sa aka ja layi a nan? Ko wannan yana cikin waɗanda Nasiru ya ce ɗanɗanon mai gyara ne?

Malama Binta

A'a ƙanwata, wannan kuskure ne na gaske, kuma yana da muhimmanci ki gyara shi tunda a ƙarshen kusan kowace wasiƙa yake zuwa, wurin da idon mai karatu yake tsayawa. “To” iri biyu ce a Turanci, rubutunsu ɗaya, aikinsu daban. Akwai wadda take gabatar da aikatau, ita ce ta cikin “I want to go”. Akwai kuma wadda take nufin zuwa ga, irin ta cikin “I went to the office”, kuma wannan suna take nema a bayanta. Ta cikin “look forward to” ita ce ta biyun, saboda haka idan aiki ne zai biyo baya sai an mayar da shi sunan aiki da “ing”, a ce “I look forward to hearing from you.”

A nan Hausa taimakon ki za ta yi, domin mu ma haka muke yi. Mukan ce bayan gamawa, kafin zuwa, ba tare da sani ba, wato sunan aiki muke kawowa bayan irin waɗannan kalmomi. Idan kin yi shakka, ki gwada sa suna zalla bayan “to” ɗin. “I look forward to the meeting” ya zauna daidai, don haka “ing” za ki sa. “I want to the meeting” bai zauna ba, don haka asalin aikatau za ki sa. Da wannan gwaji za ki gane cewa “object to” da “committed to” da “with a view to” da “in addition to” duk “ing” suke ɗauka. Shi ne kuma zai raba miki “I used to work late”, wato a da nakan yi aiki har dare amma na daina, da “I am used to working late”, wato na saba da yin aiki har dare. Ki ƙara wannan a littafin naki a matsayin kashi na daban, ki rubuta waɗannan misalan a ƙarƙashinsa.